Kanta Mai Lu'ulu'u Uku

A Kamba kawu Labbo ya karɓo ta,
'yar Kwatano, ta sha hannu kafin namu,
an ciro sitiyarinta daga dama an dasa a hagu.
Da aka ce sunanta Kanta
sai tashar Aliero ta kwashe da dariya:
a ƙasar Kabi wa zai raina mai wannan suna?
Ko ɗan kamasho sai ya goge hannu yake taɓa ƙofarta.

Jajayen lu'ulu'u uku a goshi,
a gefe rubutu kamar sawun kaji a laka.
Malam Tukur ya sa tabarau, ya cire,
ya ce na Japan ne, ya fi ƙarfin karatunsa.
Shekara goma sha tara ina wanke rubutun nan,
ban san ko sunan mai kifi ba ne
ko addu'a ce wani ya rubuta.

Ni ne yaron mota.
Nawa ne waigi, tawa ce igiya,
nawa ne galan in ta yi zafi bayan Koko.
An ce buhu talatin aka yanka mata.
Kawu ya ce mai wannan lissafi bai taɓa ganin kakar albasa ba.
Muka ɗora hamsin, ni a sama,
ta yi nishi ɗaya kamar tsohuwa za ta miƙe daga tabarma,
ta fita.

Ba zan yi mata ƙarya ba don ta tsufa.
Giya ta biyu tana tsalle in ba a dafe ta ba.
Ta cinye mini farcen babban yatsa,
ta cinye kuɗin bijimin da kawu ya yi wa buri.
Mun kwana uku a dajin Kwantagora
saboda belin na jabu mai kwali mai sheƙi,
albasa tana ruɓewa, muna jin warin asara,
kawu yana zaginta, yana kuma shafa ta.

Shayau makanike a Jega, kansa a ƙarƙashin inji,
ya ce, "Wagga ba ta mutuwa, sai dai a gaji da ita.
An ce masu ita da jiragen ruwa sunka fara,
shi ya sa ba ta tsoron tabo."
Na riƙe maganar kamar canji a aljihu,
ban san ranar da zan kashe ta ba,
ban kuma manta.

Da yana ta rufe idon kawu
ya miƙo mini makulli ba tare da ya juyo ba.
Daga zaure yake gane ta tun tana kwanar makaranta,
ya ce, "Ka ƙara mata mai, tana tari."
Ranar da muka kai shi
ita ta ɗauki mutanen unguwa zuwa makwanta.

Bara tsatsa ta gama da ƙashin bayanta.
Mai sayen gwangwan ya zo da sikeli,
yana yi mata kuɗi kilo kilo kamar gero.
Na ce ya sha ruwa ya kama hanya.

Sai ga Manu daga Yauri, mai jirgin fito,
ya kasa kunne ga injin, ya daɗe bai ce komai ba.
Shi na sayar wa.
Ran kasuwa na bi shi bakin kogi,
na ji muryar da na sani tana tsaga ruwa,
ɗauke da mata da awaki da buhunan shinkafa.
Shayau, ga maganarka: ta koma sana'ar kakanninta.

Gangar jikin tana bayan gida.
A bodin muke shanya albasa,
kaza ta yi ƙwai a kujerar kawu.
Jiya 'yata Tumba ta ɗora waya a kan rubutun
ta ce yanzu za ta karanta mini.
Na ce bari, 'yar nan.
Je ki kawo ruwa mu wanke ta.