Matakala Ɗari da Goma Sha Bakwai

Adireshin a bayan takardar magani yake,
da rubutun wata nas mai suna Ismenia
wadda ta ɗinke mini gira, ba ta yi mini wa'azi ba.
Ta ce: Talata da Juma'a, ƙarfe bakwai,
saman tudu, bayan shagon mai gyaran takalma.
Na linke takardar na cusa a aljihu,
ta yi wata biyu tana shan gumi tare da kuɗin mota.

A Valparaíso komai hawa ne.
Mashayarmu kuwa tana ƙasa, bakin tashar jiragen ruwa,
inda ƙafa ke kai mutum ko bai aike ta ba.
Shekara ashirin da shida ina sauke kaya daga jirgi,
albashi ya shigo ta hannun dama,
kafin Litinin ya fice ta maƙogwaro.

Ranar farko na ƙirga matakalar.
A ta sittin na zauna ina haki,
wani kare ya shinshina ni, bai ga abin tsayawa ba.
A ta ƙarshe ga ƙofa shuɗiya, ga fitila,
ina jin ana jan kujeru.
Na tsaya kamar mai jiran wani,
sai na juya.
Gangara ba ta taɓa ba ni wahala ba.

Ran Juma'a ana ruwa.
Wani tsoho a bakin ƙofa yana kakkaɓe lema,
ya ce: Kai ne na ranar Talata.
Shigo, kujerarka ta gaji da jira.
Baldomero sunansa. Bai tambayi nawa ba.

Ɗaki ƙarami, mu tara,
da buta mai murfi ɗaure da waya.
Griselda, malamar lissafi,
ta faɗi yadda take ɗura giya a kwalbar maganin tari
ta kurɓa tsakanin darasi da darasi.
Aka yi dariya a inda na zaci kuka za a yi.
Fermín, yaro ne, direban tasi, kwanansa huɗu kacal,
hannu na rawa, shayi na zuba a wandonsa,
ba wanda ya kalli wandon.

Da layi ya zo kaina
harshena ya yi nauyin anga.
Na ce: Anselmo.
Iyakar abin da ya fito ke nan.
Suka ce: Barka da zuwa, Anselmo,
sai ka ce wani babban albishir na kawo.

Kwana tamanin da ɗaya na yi.
Sai Satumba ta zo da bikinta,
tutoci ko'ina, gari duk ƙamshin gashi da barasa,
wani ya miƙo kofi, hannuna ya riga ni amsawa.
Na farka a benci, takalmi ƙafa ɗaya.

Mako uku kunya ta riƙe ni a ƙasa.
Da na hau, na tanadi dogon jawabi.
Baldomero ya katse ni: Ni sau huɗu.
Ga soso, kofuna na jiranka.

Yau mabuɗin yana wuyana.
Ni ke buɗewa, in ɗora buta,
in jera kujeru goma ko da tara za su zo.
Ƙishin bai mutu ba, yana nan gindin tudu,
ya san lokacin tashina daga aiki,
wani lokaci har ya raka ni zuwa ta sittin.

'Yata Rayén shekara uku ba ta ɗaga wayata.
Shekaranjiya ta ɗaga.
Ta ce tana kan aiki, in kira ran Lahadi.
Ba ta ce Baba ba.
Na rubuta Lahadi a tafin hannuna,
na wanke kofuna da hannu ɗaya.