Ruwan da Ya Dake Mu

Mun bar Glenfinnan da hantsi, rana na ta fara'a.
Murdo ya ce, "Ishbel, kada ki yarda da ita,
wannan hasken bashi ne, yau ɗin nan za a zo karɓa."
Ban tanka ba. Na ƙara ɗaure igiyar takalmi,
na saɓa jaka mai nauyin yaro ɗan shekara huɗu.

Ba mu haye tudu na biyu ba mai bashi ya iso.
Da fari yayyafi, irin na mai guga yana fesa wa riga,
sai wani ya biyo a kwance, iska na koro shi
ta wuyan riga, ta cikin kunne,
sai ƙanƙara mitsi-mitsi kamar tsakin shinkafa,
sai tsit.
Rana ta leƙo kamar ba ita ba.

Ƙasar nan ba ta san bushewa ba.
Abin da ido ya ce ciyawa, ƙafa ta ce taɓo.
Na nutse har gwiwa, ruwa mai launin shayi
ya cika takalmin hagu,
na dama ya jira nasa rabon, bai daɗe yana jira ba.

Yammacin kwana na uku muka tarar da Carnach ya kumbura.
A taswira zare ne, shuɗi, siriri,
a gabanmu kuwa ruri yake, yana mirgina duwatsu a cikinsa.
Murdo ya jefa reshe, kafin in ƙirga uku ya ɓace.
"Nan za mu kwana," in ji shi,
shi da tun muna yara bai taɓa jiran rafi ba.

Muka kafa tanti a gefen wani kufai,
bangon dutse, ba rufi, gansakuka ta gaje murhu.
Turaku takwas, ɗaya ya lanƙwashe.
Sau biyu iska na fizge rufin tantin,
na kwanta a kansa rub da ciki ina zagin sama.

Ashana ta jiƙe, kwalin gaba ɗaya.
Murdo ya zaro tsohuwar laitar Baba daga cikin hula,
wadda yake zuwa da ita neman tumaki a kan tsaunuka.
Risho ya yi tari, ya yi tari, ya kama.
Shayin mutum biyu a kofi ɗaya,
ɗayan kofin na gida kan tebur, ni na manta shi.

Da iska ta faɗi sai ƙwarin nan suka taso,
ƙanana kamar garin barkono, cizonsu ma haka.
Muka zuge ƙofa. Na cusa jiƙaƙƙen safa a ƙirji
ko ɗumin jiki zai yi abin da rana ta ƙi yi.

Can tsakar dare, ruwa na kiɗa a kan leda,
na ji muryarsa: "Kin yi barci?
Baɗi sai dai ki zo da wani.
Likitan Inverness ya nuna mini hoton zuciyata."
Na nemi abin faɗi kamar yadda na nemi busasshiyar ashana.
Na ce, "Matsa, gwiwarka na tokare ni."
Ya yi dariya har ta zame masa tari.

Da asuba rafi ya sauka,
duwatsun da ya haɗiye jiya sun fito da kawunansu.
Barewa uku a ƙetare suna kallonmu, suna tauna.
Muka kwance maɗaurin jaka, muka sarƙe hannuwa,
shi ta wajen da ruwa ke bugowa, don taurin kai.
Sanyi ya kama ƙauri kamar haƙori.
Taki ɗaya, a tsaya. Taki ɗaya.

A ƙetare ya zauna kan dutse ya daɗe yana haki,
ni kuwa na daɗe ina gyaran igiyar da ba ta kwance ba.
Daga wajen teku wani hadarin ya fara haɗa kai.
Saura kwana shida.
Ya miƙe, ya ce, "Kin ɗauko lanƙwasasshen turken nan?
Kada ki yar, zan miƙe shi a gida."