Kwalba ta Arba'in da Bakwai

Ƙarfe bakwai na safe a Valparaíso,
jiragen ruwa na tari can ƙasan tudu,
ni kuwa ina jera kwalabe, kowace kamar ɗan yatsa,
kowace da lambarta, babu mai suna.

Ɗalibai na shigowa ɗaya bayan ɗaya,
ba su karya kumallo ba, ba su goge haƙora ba,
haka ƙa'idar ta ce.
Kowa ya tauna auduga minti biyu,
ya miƙo mini ita jiƙe da yawu,
sannan ya zauna gaban takarda.

Baltasar Huenchul, aji uku, sashen injiniya.
Rigarsa na ƙarnin kasuwar kifi
inda yake dakon ƙanƙara tun asuba.
Hannunka yakan yi rawa? A'a.
Numfashi yakan sarƙe maka? A'a.
Kana zullumin wani abu zai faru? Ko kaɗan.
Ya gama kafin shayina ya huce,
ya yi murmushi,
ya bar mini fensir duk shatin haƙori.

Da la'asar na'ura ta faɗi nata.
Sinadarin fargaba a yawunsa
ya wuce na duk wanda na auna a makon.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Wannan fuskar ta sha horo.
Baki ya ce lafiya,
ruwan bakin ya ƙi sa hannu.

Dakta Quilodrán ta leƙo allo ta saman tabarau:
"Ɗigo ne da ya bauɗe wa layi.
Shigar da shi, mu ci gaba."
Na shigar.

Amma takardar ba ta tambayi bashin kuɗin makaranta ba,
ba ta tambayi wa ke tari a ɗakin baya ba,
ko sau nawa ya ƙirga kwanakin jarrabawa
a kan kwanon rufi, ido biyu.
Ita ma na'urar lamba kawai ta iya,
ta san akwai wuta, ba ta san gidan wa ba.

Jiya muka haɗu a keken hawa tudu,
katakonsa na kuka, teku na nisa da mu.
Na ce, ya karatu?
Ya ce, lafiya lau. Ya aiki?
Na ce, lafiya lau,
na haɗiye yawuna.

Nasa yana can cikin firiza,
layi na biyar, daskare,
bai janye maganarsa ba.