Minti Biyu da Daƙiƙa Sha Ɗaya

Ni na naɗi muryar.
A ƙarƙashin shagon wani mai gyaran takalma a Kadikoy,
ɗakin da bangonsa ke gumi duk hunturu,
ta shigo ƙarfe ɗayan dare.
Nehir, wadda fuskarta ke manne a bayan kowace bas ta Istanbul,
ta shigo da silifas, da mura,
da leda cike da lemon tsami.

Ta ce, Ertan, kashe fitilar nan.
Na kashe.
Ta ce, kada ka tambaye ni Koray.
Ni wa ya aike ni?

A bayan rasit ta rubuta baitin farko,
rasit ɗin injin wankin da suka ɗauko tare,
biyan wata goma sha biyu.
An biya huɗu aka watse.
Ta rera: ka tafi, ka bar ni da bashin kumfa.
Na ce wannan ba zai sayu ba.
Ta ce bar shi.

Sau ashirin da uku muka ɗauka.
A na sha tara,
daidai minti biyu da daƙiƙa sha ɗaya,
muryar ta yage
kamar tsohon zane a hannun mai matsa.
Ta ɗaga hannu ta bayan gilashi:
goge, atishawa ce ta taso ta koma.
Na ce to.
Ban goge ba.

Juma'a aka sake ta.
Kafin Talata mai gurasar riɗi a bakin tashar jirgin ruwa
yana ba da canji yana bin amshi.
'Yan mata biyu, wayar kunne ɗaya,
kan wannan a kafaɗar waccan har tsallaken teku.
Wani direban tasi ya tsaya da ni a tsakiyar gada,
ya ce, yi haƙuri ɗan'uwa, wurin ya zo,
ya ƙara sauti, ya share ido da bayan hannu,
mita tana ta ci.
Wani masani ya cika rabin shafin jarida
a kan wannan yagewar kaɗai.
Ya ce a nan zuciyar zamaninmu ta tsage.
Samari suka zana lambar a wuyan hannu.
Na karanta, na sha shayina.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ba ta ambaci suna ba,
amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake,
kasuwar ma ta sani.
Suka gano asibitin haƙorinsa,
suka rubuta a ƙofa da jan baki: biya kuɗin injin.
Wani ya bar masa ledar omo.

Sau ɗaya ya kira ni.
Na shirya shan zagi.
Ya yi shiru, ina jin ƙarar famfo a bayansa,
sannan ya ce: murar ta sake ta?
Duk hunturu haka take yi,
sai ta taso ta maƙale.
A ce mata zuma, ba lemon tsami ba.

Ban faɗa mata ba.

Yanzu kowane dare, a gaban mutum dubu ashirin,
dole muryar ta yage a wurin.
Ta koya. A gaban madubi ta koya, kamar mai koyon sa hannun wani.
Fitilun wayoyi kan ɗaga, filin ya riƙe numfashi,
ta ba su abinsu cif.

Jiya a Izmir ta makara da daƙiƙa uku.
Abin da ya fito ba mai kyau ba ne,
gajere, busasshe, ba ya hawa kiɗa.
Ba wanda ya tafa masa.
Ina can baya, yatsuna a kan na'ura,
na ɗan ɗaga ganguna
har ta wuce.