Tambaya Ta Sha Huɗu

Ran Talata, bayan an ɗaga tuta,
Madam Barira ta shigo rungume da takardu.
Ta ce, yau ba jarrabawa ba ce,
babu mai faɗuwa, babu mai zuwa na ɗaya.
Aji ya fashe da dariya.
Wa ya taɓa raba takarda a lakwal don Allah kawai?

Tambaya ashirin da biyar, gida uku-uku:
a'a, wani lokaci, kullum.
Kana samun barci? Kana jin haushi ba dalili?
Kana da wanda kake gaya wa?
Su tamanin da bakwai kan benci talatin,
gwiwa na gugar gwiwa,
kowa ya kare amsarsa da tafin hannu
kamar mai ƙyasta ashana cikin iska.

Ni ke koyar da lissafi, ni aka ba tarawa.
Da dare a unguwar Zariya aka ɗauke wuta,
na jingina fitilar salula da kofin shayi.
Wanda ya haura talatin, a ja masa jan layi.
Wanda bai kai ba, a bar shi da lafiyarsa.

Nafi'u, mai mayar da tebur kalangu,
wanda ya ɓalle mana ƙofa bara,
tara ya samu. Ashe ƙalau yake,
surutu ne kawai Allah ya hore masa.
Tsahara, da ba ta taɓa makara ba,
mai goge allo tun ba a sa ta ba:
kullum, kullum, kullum, har gindin shafi.
Shekara biyu ina yabon rubutunta,
ban taɓa duban idonta ba.

Sai takardar Ma'azu.
A'a tun daga sama har ƙasa,
a miƙe sak kamar hanyar Ɗan Isa.
Sifiri. Lissafi ya ce ya fi kowa lafiya.
Amma a ta sha huɗu,
inda aka ce, ka taɓa cewa da ma kar gari ya waye da kai?
bakin alƙalami ya huda takarda.
Na ɗaga ta saitin fitila,
haske ya ɓullo ta cikin a'ar.

A wane gida zan sa huji?
Ba a ba ni shafin tara nauyin hannu ba.

Abin da na sani kaɗan ne.
Bayan la'asar yana kabu-kabu
da babur ɗin wansa, wanda ya yi arewa,
tun azumin bara ba a ji muryarsa ba.
Yakan kifa kai a bencin baya, in ce lalaci ne.
Na tsayar da shi a rana. Sau biyu.

Laraba na kai sunaye goma sha tara.
Madam Barira ita kaɗai ce, da kujera biyu,
a ɗakin ajiyar alli da tsintsiya.
Ta ce, wannan mai sifirin fa?
Na ce, ɗaga ki gani.
Ta ɗaga. Ta daɗe.
Ta ƙara suna a ƙasa da fensir.

Da aka tashi na tarar da shi gindin bedi
yana goge madubin babur da hannun riga.
Ban san ta inda ake kama irin wannan zance ba,
ni ragi da tarawa na iya.
Na ce, Ma'azu, nawa za ka kai ni gida?
Ya ce, Mushe, kai ba ka biya.
Na hau. Na ce, mu zaga ta bakin Gulbi.

Muka wuce babbar kasuwa, ba uffan.
Muka wuce masu gujiya, ba uffan.
Sai da yashi ya fara riƙe taya
ya sassauta, bai juyo ba,
ya ce, Mushe, ana gane wanda ya rubuta?

Na ce, ana ganewa.
Ya ce, to.
Bai ƙara wuta ba.

Takarda ɗaya ta yi saura a jakata, babu suna.
Daren nan sau uku ina fiddo ta.