Lakar da Ta Dawo

Sau uku mahaifina Warsito yana ɗaga daɓen ɗakinmu.
A na ukun, sai ya sunkuya yake shiga,
kai na gogar rufi,
teku kuwa na zaune a bakin ƙofa kamar mai bin bashi.

Mbah Sutinah ta ce nan shinkafa ce a da,
har inda ido ya gaji.
Sai aka sare dajin bakau, aka haƙa tafkunan jatan lande.
Kuɗi ya zo a guje, ya koma a guje,
ya bar mana gishiri a rijiya.

An kawo siminti daga Semarang.
Katanga ta tsaya tana bugun ƙirji.
Damina biyu kacal,
ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya kwance mata zani.

Kabarin mahaifiyata na can,
bayan turken lantarki na huɗu, inda kifi ke kiwo.
Yammacin Alhamis mukan tafi a kwalekwale,
mu watsa furanni bisa ruwa,
muna kintatar wurin.

Da muka gaji da dambe
sai muka shiga taɓo har ƙugu,
muka kafa gora layi biyu,
muka cusa ƙirare a tsakani.
Shingen da ko kaza za ta raina.
Ruwa ya shigo, ba wanda ya tare shi.
Ya huce, ya sauke kayansa, ya fita.
Kayan nan laka ce.

Ni aka danƙa wa sandar awo.
Yatsa ɗaya. Yatsa biyu.
Wani watan ko ƙwayar gero.
Tsutsa ta cinye gorar, muka sake kafawa.
Darmaji ya ce wasan yara muke,
ya kwashe kwanon rufinsa ya yi birni.
Ban ga laifinsa ba.

Ba mu shuka komai ba a gefen nan.
'Ya'yan bakau ne suka zo da kansu,
dogaye kamar alƙalami, suna iyo,
suka soki laka suka zauna.
Bayan shekara huɗu sun yi yatsu,
sun riƙe ƙasa kamar mai jego da jariri.
Ƙaguwa ta dawo. Balbela ta biyo ta.

Daren da iskar yamma ta tashi,
mun ɗora Alƙur'ani da buhun shinkafa bisa kabad,
muna jiran abin da muka saba.
Na ji igiyar ruwa ta faɗa cikin dajin da ruri,
ta fito tana raɗa.
Ta taɓa dokin ƙofa. Ta tsaya.

Ƙasarmu na nutsewa har yanzu, na sani,
sandata ba ta iya ƙarya ba.
Amma jiya da ruwa ya janye,
bayan turke na huɗu,
kan wani dutse ya leƙo, tsawon tafin hannu.
Mahaifina ya sa babban yatsa yana goge shi,
yana neman harafin farko.