Ƙaramin Yatsan Bogna

Ni ke riƙe da makullan zauren nan.
Shekara ashirin da uku ina goge gumin 'ya'yan mutane,
tsummana bai taɓa tambayar launin rigar mai gumi ba.

Kogi ya raba garinmu biyu:
gabas 'yan Masaƙa, masu jar riga,
yamma 'yan Reluwe, masu shuɗiya.
Zaure ɗaya, raga ɗaya.
Litinin da Laraba na waɗancan,
Talata da Alhamis na waɗannan,
Juma'a kuwa sai an kai ruwa rana.

Masaƙar ta rufe tun ba a haifi yaran nan ba,
jirgin Warsaw ya daina tsayawa a tasharmu,
amma gaba ba ta yin ritaya.
Tsohuwar tukunya ce kakanni suka bari,
kowa ya zo ya dafa nasa a ciki.

Asabar ta ƙarshen Fabrairu, dusar ƙanƙara har ƙauri,
takalma sun jiƙa mini bakin ƙofa.
Wasan ƙarshe na ƙwallon raga, 'yan matan ƙasa da sha shida.
Uban Jagoda ya zo da gangarsa mai faci,
kakar Bogna ta zo da kek ɗin tuffa
wanda ba ta miƙa wa kowa daga yamma.
Kociya Halina tana taunar igiyar usur
kamar ita ta ci mata bashi.

Zagaye na biyar, sha huɗu da sha uku, Masaƙa a gaba.
Ina tsugune gindin sandar raga, tsumma a hannu.
Dobrawa ta ɗaga ƙwallo, lallausa kamar burodin safe,
Jagoda ta tashi, ta tashi,
har na ce yarinyar nan ta manta da ƙasa,
ta narka mata duka.
Bogna ta miƙe hannu biyu ta tare hanya.
Ƙwallo ta wuce, ta faɗa bayan layi.

Waje! in ji tuta. Waje! in ji usur.
Gabas ta ɗauki zauren a ka.

To, ni na ji wani abu.
Ƙas. Ɗan ƙaramin sauti, bai kai na karyewar ashana ba.
Na ga ƙwallon ta sauya juyi a iska,
na ga Bogna ta sauko ta dunƙule hannun hagu
ta ɓoye shi a bayanta.
Jagoda ba ta yi gardama ba.
Ta dai dube ta ta ramukan raga, ta daɗe.

Da tara na dare zauren ya koma nawa:
ɓawon lemo, filasta, ƙamshin man zafi.
Sai ga Bogna, lambar yabo a cikin aljihu, ba a wuya ba.
Ta ce, Baba Ignacy, ko ka ga safar hannuna?
Na ce, duk abin da ya faɗi a zauren nan ina ganinsa.
Ta yi tsaye. Fitila ɗaya tana ta ƙyafta ido.
Na miƙa mata safar,
ta sa, yatsan ya shige duhu.
Ba ta tafi ba.
Ta kama bakin raga, na kama ɗaya bakin,
muka ninka, muka ninka, har hannuwanmu suka haɗu.

Kada ku ce dattako ne ya rufe mini baki.
Uwata shekara talatin ta yi a gaban injin saƙa,
kuma ƙarƙashin rigar aikina, tun safe,
akwai jar singileti.

Ran Litinin bas ɗaya za su hau zuwa makaranta,
lamba huɗu, mai tsallake gada.
Ban san kujerar da kowacce za ta zaɓa ba.
Ni dai da biyar zan buɗe ƙofa,
in ɗaura ragar nan daidai tsayinta.